Ni da Surukata a Durƙushe

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da "get" ta kai ni ƙasa.

Shekaruna da yawa a London, amma Turancina na sayen tikiti ne kawai. A gida kuwa ina cika baki. Har faɗa na sha yi wa matar ɗana, Maman Amira, wai tana ɓata min jikoki da Turanci (gaskiyar magana, haushin rashin gane hirarsu nake ji). Da abin ya ishe ni, sai na shiga ajin koyon Turanci na manya a ɓoye. Muna zaune a Dagenham, amma na zaɓi can Whitechapel don kada wani ya gan ni. A gida na ce karatu nake zuwa. Ban yi ƙarya ba, su ne suka ɗauka na masallaci.

Ranar, malamarmu, wata Baturiya mai fara'a, ta ce kalma ɗaya za mu yi: "get". Ashe da ita ake samu, da ita ake hawa bas, da ita ake warkewa, har gajiya da ita ake yi. Ta ce ba za ta zauna a kai ba sai jiki ya yi. In ta ce "get in" mu shiga da'ira, "get out" mu fita. Ina ta yi kamar yaro. Ta ce "get down", muka durƙusa.

Daidai nan ƙofa ta buɗe. Sabuwar mai taimaka wa malama ta shigo: Maman Amira.

Yarinya mai tarbiyya, ganin surukinta a ƙasa, sai ta zube ƙasa da ni. "Baba, ina wuni?"

"Lafiya lau," na ce, ina kallon kafet.

Malama ta ce "get up". Kowa ya miƙe, ban da mu biyu. Ita ba za ta tashi kafin ni ba, ni kuma gwiwata ta ƙi. Malama ta maimaita a hankali, tana zaton ban gane ba (wallahi ita ce ɗaya da na fi ganewa).

Abokin zamana, Alhaji Issaka, mutumin Kumasi, ya ce, "Alhaji, tashi mana, yarinya yana jiranka!"

Na ga girman da nake ta tattali ba zai ɗaga ni ba. Na ce, "'Yata, kama ni."

Ta kama hannuna ta ɗaga ni, ta ce a hankali, "Baba, ba wanda zai ji."

A jirgin ƙarƙashin ƙasa muna komawa gida na ce mata a'a, ta faɗa wa kowa, kuma ta yafe min faɗan baya. Dariya ta yi, ta rufe baki da mayafi. Yanzu Amira ke duba min aikin gida, kuma ba ta da sassauci ko kaɗan.

Shawarata ga tsofaffi irina: in za ku koma makaranta, ku faɗa a gida, sannan ku zauna kusa da abin dafawa.