Ranar da na gaida surukina da goshi

Ba na jin zan taɓa mantawa da yadda abokina Bulus ya faɗo ɗakin asibitin nan yana haki: "Kai, gyara! Ga baban Hadiza nan a ƙofa!"

Lokacin ina ajin ƙarshe a jami'a, a Samaru. Da safe zuciyata ta rikice, tana bugu kamar injin markaɗe, aka kwashe ni sai wani ɗan asibiti a Sabon Gari. Suka ɗaura min ƙarin ruwa da maganin daidaita bugun zuciya a ciki. Nas ɗin ta ja min kunne: "Maganin nan yana sa jini ya yi ƙasa. Ko fitsari ne ka kira ni, kar ka tashi."

To amma baban Hadiza fa! Tsohon soja ne a Basawa, bai riga ya amince da ni ba, kuma an tsegunta masa wai yaron ba shi da ƙoshin lafiya. (Dubiya ya ce ya zo, amma ni na san duba kaya ya zo.) Ina kwance shame-shame zan gaida mutumin da nake neman 'yarsa? Haba.

Na duro daga gado na tsugunna, robar ruwa na reto a hannuna. "Baba, barka da..." Sai na ga Baba ya zama biyu, sannan duhu.

Sauran labarin a bakin Bulus na ji shi. Wai goshina ya sauka a kan takalmin tsohon, na yi lamo. Baba kuwa ya ji daɗi, yana shafa min baya: "Madalla. Yaran yanzu ba su da irin wannan ladabin. Ya isa, ɗana, tashi." Ɗansa dai ko motsi.

Nas ta shigo da gudu. "Wane ladabi, Baba? Suma ya yi!" Ta mirgina ni, ta tsayar da ruwan, ta ce a ɗaga ƙafafuna sama jini ya koma kai. Bulus ya ruɗe (ɗan banza, dariya ce ta ci ƙarfinsa), sai Baba ya kama ƙafafun.

Haka na farfaɗo: ina rigingine a siminti, tafin ƙafata da safa mai huji a daidai gemun tsohon soja.

Ya ba ni Hadiza daga baya, Allah ya saka masa. Sai dai har yau in na je gaisuwa, ina fara lanƙwasa gwiwa zai daka tsawa: "Ku kawo masa kujera, ba ni da ƙarfin ɗaga ƙato!"

Na dai gane in nas da ladabi suka yi gardama, nas ake bi. Amma tsakani da Allah, da ku ne, a kwance za ku gaida shi?