Ban da Tanko

Wautata tana da yawa, amma wadda ba zan taɓa mantawa da ita ba ita ce wadda na yi a gaban Ubangiji da baƙo. Ban daɗe da shiga addinin Kirista ba, shekara ɗaya ko biyu bayan Turawa sun ba da mulki. Muna wani ƙauye kusa da Saulawa, mu wajen ashirin, da majami'armu ta laka.

Malam Bulus, mai bisharar da aka turo mana, ya kafa mana doka: kowace asuba kafin a ɗauki fartanya, a taru a yi addu'a, kowa ya gaya wa Ubangiji abin da zai yi da yininsa. Yakan ce, "Kada mutum ya fita gida kamar akuyar da ta tsinke." Wannan ya yi mini daɗi. Karatu ya gagare ni (baƙi uku na sani, biyu ma sun gudu), amma magana da Allah da safe, wannan na iya.

Wuri ɗaya ne ke shaƙe ni. A addu'ar da muke rufewa da ita akwai inda ake roƙon a yafe mana kamar yadda muke yafe wa waɗanda suka cuce mu. To, ga Tanko, ɗan wan babana, ya matsar da gambar da ke iyakar fadamarmu, ya cinye mini kunya biyu ta rake. Ni kuwa ba na yi wa Allah ƙarya da sassafe. Sai na samu dabara: in an zo wurin, in faɗa tare da kowa, sa'an nan in ƙara a hankali, "ban da Tanko." Da yake mutanenmu sauri suke yi kamar ana kora su, maganar sai ta nutse cikin hayaniya. Wata biyar ina haka, lafiya lau.

Sai ga fasto daga Zariya ya zo duba waɗanda za a yi wa baftisma, har da ni. Matata Lami ta riga ta wanke mini farar riga. Fasto ne ya ja addu'ar rufewa, shi kuwa bawan Allahn nan ba ya sauri. Ya faɗi layi, mu maimaita, ya tsaya ya numfasa. Muka iso wurin, kowa ya yi shiru, bakina da ya saba bai tsaya ba.

"Ban da Tanko."

Har kazar da ke bakin ƙofa ta ji. Tanko yana bencin gabana. Mata suka cusa baki cikin zane.

Fasto ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Wane ne Tanko?"

Tanko ya ɗaga hannu. "Ga ni, ranka ya daɗe. Ashe ina cikin littafin."

Malam Bulus ya ce in janye. Na ce, "Malam, kai ka koya mana a gaya masa gaskiyar yini. Yau ban yi niyyar yafe wa Yaya Tanko ba. In ce na yi?" Aka ɗaga baftismata shekara guda. Kunya biyu aka ci mini a fadama, na ƙaro ta uku a majami'a, ita ce ma mai faɗi.

Har yau ina nan a kan bakana: gara mutum ya fito wa Allah da ƙullinsa a fili da ya rufe shi da amin. Abin da na koya kawai, in za ka yi raɗa, ka fara sanin wanda ke jan addu'a.

Da muka koma gida Lami tana ninke farar rigar, ko kallona ba ta yi ba ta ce, "Maigida, ka dai ce wa Ubangiji 'kamar yadda'. In shi ma ya zo wurin ya ce ban da kai fa?"