Sarkin Saƙon Kalgo

Allah ya yi wa Kalgo baiwa da Alhaji Siddiƙu, tsohon ma'aikacin gwamnati, mutumin da ya ƙi zaman haya har a intanet. Kowa na buɗe adireshin imel na kyauta, shi kuwa ya sayo kwamfuta ya girke a ɗakin da ake ajiye dusar awaki, ya ce wannan ita ce sabarsa, wato gidan wayarsa na kansa. Tun ranar muke kiransa Sarkin Saƙo. Yana amsawa.

"Ni Siddiƙu in raɓa da kamfanin wasu?" in ji shi a majalisa. "Saƙona daga gidana shika fita, da sunan ubana a gindinshi."

Mai alheri ba ya ɓoyuwa. Kowace Juma'a sai ya tura gaisuwa, da hotonsa cikin babbar riga, ga duk adireshin da ya taɓa tsinta tun yana aiki: daraktoci, 'yan kwangila, Malama Naomi da ta koma Zuru tuntuni, har da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Mutane, da yake ba su san daraja ba, suka riƙa danna cewa shara ce. Ba a jima ba sabar ta shiga jerin masu damun jama'a, waɗanda ake tare saƙonsu tun a hanya.

Da labari ya iso shi, sai ya gyara hula. "Kun gani? Har ƙasar waje an san da ni. Hassada ce."

A lokacin ne 'yarsa Yusra ke neman aikin jinya a wani asibiti, ana kuma gab da rufe karɓa. Ta tura takardunta ta sabar Baba, shiru.

"Baba, ba su isa ba. A roƙi masu jerin nan su cire mu, a kuma dakata da gaisuwar."

"Roƙo? Ke ɗiyar nan, mi kika sani? Bari ki ga aiki."

Aikin kuwa shi ne ya sake tura wa duk mutanen nan saƙo yana tambaya ko saƙonsa na zuwa. Da ba su amsa ba, ya ƙara na tuni.

Yusra ba ta yi musu ba. Ta hau mota zuwa Gwandu wurin ƙawarta Gift, inda idon Baba ba zai kai ba, ta buɗe adireshin kyauta, ta tura takardun. Aka kira ta, ta samu aikin.

Sarkin Saƙo ya sanar a majalisa cewa sabarsa ce ta yi wannan, ya kuma gayyaci duniya walima ta hanyarta. Aka yanka rago, aka jera kujeru. Har la'asar babu kowa sai awaki.

Sai ya leƙa waje, ya rage murya, ya ce a nemo masa Sule mai shela. Kafin Sule ya kai bakin kasuwa, gida ya cika.