Lanƙwasar Ciyaman

Yaya Haladu, jiya na yi dariya. Ita ce ta farko tun ranar da gadar rafi ta rufta da kai da babur ɗinka, wata bakwai ke nan. Da ta fito sai na ji ta baƙuwa a bakina, har na waiga in ga ko kana bayana ka taya ni. Ban gaya wa kowa ba tukuna, ko Inna ba ta sani ba. Kai zan fara ba labarin, don mutuminka ne.

Ciyaman ɗinmu dai, Alhaji Zakariya Ƙasa, wanda ya samo sunan daga sayar da ƙasar gini, tifofinsa suna haƙa dare da rana har gindin gada, shi ne ya tashi neman tazarce. Aka ce masa ɗan takarar zamani sai da shafin intanet. Ya aika aka kira Zinatu, mai shagon buga takardun nan na rumfunan ƙaramar hukuma, wadda da shagon take riƙe da tsohuwarta.

Ya ce, "Ke 'yar kwamfuta, shafi nake so da sunana. A zuba ayyukana duka, kada a bar ko ɗaya."

Ta ce, "An gama, ranka ya daɗe. Sai dai adireshin da za a yi wa rajista, haɗe ake rubuta shi, ba tazara. Kuma ƙa ɗin nan mai lanƙwasa ba za ta shiga ba, sai a miƙe."

Lokacin waya biyu ce a kunnensa. Ya yarfa hannu ya ce, "Ni za ki koya wa sunana? Rubuta!"

Ta rubuta. Ta sake aika masa saƙo sau biyu ya duba, ba amsa. Kafin sati ya zagayo an buga adireshin a fastoci, a huluna, a atamfar mata, har a bayan tifofin.

Ranar ƙaddamarwa ɗakin taron sakatariya ya cika maƙil. Zinatu tana gefe da kwamfutarta, tana ta addu'ar a wuce wurin da sauri. Aka haska majigi, ga baƙi manya-manya a bango: zakariyakasa. Mai gabatarwa, wani tsohon hedimasta da ba ya karatu sai daki-daki, ya gyara tabarau ya kama makirfo.

"Jama'a, kowa ya riƙe adireshin nan. Zakari... ya... kasa."

Can daga baya wata tsohuwa ta ce, "Allah sarki, ashe ya sani!"

Wuri ya kaure. Matan da suka yi ankon atamfa suka shiga duba zannuwansu, maza suna cire huluna suna karantawa. Hedimasta ya ce a yi haƙuri a buɗe shafin, ayyuka su yi magana da kansu. Zinatu ta latsa. Hoto na farko allo ne a cikin ciyawa, an rubuta "Ana kan aiki". Na biyu ma haka, akuya tana kwance a inuwarsa. Na uku allon ne a bakin rafi, ya karkace.

Ciyaman ya taso, babbar riga tana jan kujeru. Ya fizge makirfo daga hannun hedimasta, ya manta a kunne yake, ya tsaya a kan Zinatu.

"Ke! 'Yan adawa ne suka turo ki? Ina ayyukana?"

"Ranka ya daɗe, ka ce kada a bar ko ɗaya. Kwana uku ina zagayawa a acaɓa. Duk inda aka kwatanta min, abin da na tarar ke nan."

"To sunan fa? Ni ne na kasa?"

"Ni ban faɗa ba, Alhaji. Na gaya maka ƙa ba ta shiga, ka ce in rubuta."

"Rufe min baki! Rumfar da kike ciki ta wace ce? Gobe war haka kwaɗo ne a ƙofar, ki je ki yi kwamfutar a gindin bishiya!"

Zinatu ta tuna tsohuwarta, ta tuna injin buga takardun da ko gindin bishiyar ba zai ɗauka ba. Sai ta dubi bango, allon bakin rafin yana nan a haske. Ta ga tunda shagon ya riga ya tafi, bakin bai kamata ya bi shi ba.

Ciyaman ya ƙara matso da makirfo, muryarsa tana fita har tasha. "Ki faɗa wa jama'a! Wa ya ba ki izinin taɓa min ƙasa?"

Ta rufe kwamfutarta a hankali, ta ɗan rusuna.

"Ranka ya daɗe, ni lanƙwasa kawai na cire wa ƙasa. Sauran ai kai ka kwashe a tifa."