Rasuwar Maɗaurin Gwiwar Hannun Alhaji Sa'adu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Alhaji Sa'adu mahauci, na kasuwar Matameye, ke sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar maɗaurin gwiwar hannunsa na dama, baƙi mai ratsin shuɗi, wanda ya cika ranar Laraba yana da wata goma sha huɗu a bakin aiki.

Lokotoro, wato likita, ya kira ciwon Alhaji ciwon 'yan wasan tanis, alhali Alhaji bai taɓa ganin tanis ba, saran ƙashi kawai ya sani. An yi masa allura, ya yi sati uku yana yabonta, ciwon ya dawo ya fi na da. Man zafi ya ƙona fata ya bar ciwon inda yake. Wanzamin Yauri ya kafa ƙaho, ya kwashi jini, bai kwashi ciwo ba. Ƙanƙara tana narkewa kafin a iso gida. Motsa hannu da aka koya masa a Damagaram an ce shi ne mai warkarwa, amma sai an yi wata uku ana haƙuri, Alhaji kuwa kwana huɗu ya yi. Hutu kuma, a wurinsa, maganin malalata ne.

Marigayin bai warkar ba, amma ya rufa asiri. Kullum da safe ya ce “ƙirrr”, ya rungumi dantse, Alhaji ya ɗauki gatari.

Asalinsa daga Kano ya zo. Kabiru ne ya aiko wa yayarsa Baiwa, matar Alhaji, wadda daka ya kashe wa hannu har buta take saki. Alhaji ya gwada, ya ga ya yi masa daidai, ya ga kuma hannun da ke ciyar da gida ya fi cancanta. Ran Talata Baiwa ta wanke shi da tafasasshen ruwa, robarsa ta saki, bakinsa ya daina kamawa. Ta ce kuskure ne. Alhaji bai yafe ba.

Ya rasu ya bar rabin kwalbar man zafi, da tabon ƙaho bakwai, da gwiwa marainiya.

Za a binne shi gobe bayan la'asar a bayan mahauta. Sadakar uku ran Asabar a gidan Alhaji, inda za a raba gumba ta tiya shida. Kada kowa ya kai geron inji. Alhaji ya ba da umarni Baiwa ta daka da hannunta.