Shaf Ɗin Taraktar Kawu

Ina hutun jami'a a Miga, shaf ɗin taraktar Kawu, ƙarfen da ke juya injin yankan ciyawa, ya cije, ya ƙi zaruwa. Ni da ko gaisuwa sai na sunkuyar da kai, na ce a matsa, na karanta wannan. Na buɗe littafi, na tuttula masa baƙin mai, na yi ta dukansa da guduma har azahar. Jama'a sun taru, shanu na jiran ciyawa.

Baffa Jauro, wani makiyayi ɗan kallo, ya tsuguna. "Ɗana, wannan ɗan ƙurjin fa?" Ya danna wani ɗan maɓalli a jikin shaf ɗin da yatsa. Shaf ya zare sumul.

Har yau, ko murfin kwalba ya ƙi buɗuwa, Kawu kan ce, "A ba Injiniya. Amma a fara cin abinci tukuna."