Mutumin Kusurwa ta Uku

Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi a Greensboro ba, kuma Allah ya sani na yi ƙoƙarin mantawa. Tsakiyar shekarun casa'in ne, ina gab da kammala digiri na biyu a fannin kiwon dabbobi, bizata kuma za ta ƙare tare da digirin. Hanya ɗaya ta rage mini in zauna, wato Farfesar da ke duba aikina ta ɗauke ni digiri na uku. Gurbi ɗaya gare ta, mu biyu ne muke nema, ni da wani Bature ɗan Ohio mai suna Brad. In ba ta ɗauke ni ba sai in tattara in koma gida, inda tuni aka fara ce mini Dakta (ni na fara faɗa cikin raha, mahaifiyata kuwa ba ta ɗauke shi raha ba, har unguwar bayanmu ta kai labarin).

Farfesa mace ce marar yawan magana. Abu biyu ne kawai ke buɗe mata baki, shanu da besbol, wasan nan na Amurkawa da wani ke jefa ƙwallo wani ke dukanta da sanda. Ƙungiyar garin a ƙaramin rukuni take, inda ake renon samari a ga wanda zai yi ƙwari a kai shi babban rukuni. Yawancinsu ba sa zuwa ko'ina. Brad ya san sunan kowannensu da abin da ya iya da abin da ya kasa. Su biyu sai su tsaya a bakin garke suna tattauna kafaɗar wani yaro, ni kuma ina gefe ina gyaɗa kai irin na wanda aka riga shi faɗa.

Da ta gayyace mu kallon wasa, nan take na gane abin da ake ciki. Jarrabawa ce. So take ta ga wa ke da ido.

To ido kam ina da shi, ko in ce haka na ɗauka. Mahaifina dillalin shanu ne, a kara, wato kasuwar shanu, na tashi. A can kuwa ba a gane gwani da yabo. Duk wanda ya tsaya gaban sa ya ce "kai, wannan ya yi kyau", an san baƙo ne. Gwani zagayawa yake, ya taɓa kwiɓi, ya dubi agara, ya ja tsaki, sannan ya shiga kushewa ɗaya bayan ɗaya har mai san ya fara tunanin ko kyauta zai bayar. Iya kushenka, iya saninka. Da wannan tarbiyyar na nufi filin wasa, cikin rigata mai guga.

Muka zauna a bayan ragar da ke kare 'yan kallo, rana tana dukanmu, Farfesa ta saya mana gyaɗa. A gabanmu akwai wasu mutane masu hular hana sallah, kowanne riƙe da na'ura irin wadda 'yan sanda ke auna gudun mota da ita. Ta ce su ne masu duba 'yan wasa, manyan ƙungiyoyi ke turo su. Suna duba ƙarfin hannu, da gudu, da ido wajen duka, su ware wanda zai yi gaba da wanda za a sallama. Na ce a raina, ashe dai kara ce, shanun ne kawai suka sa wando.

Brad ya fara. Ya ce yaron da ke jifa yana da hannu amma bai san inda ƙwallon za ta sauka ba, wancan kuma yana da gudu amma da an karkata masa jifa sai ya daki iska. Farfesa ta ce "hmm". Wannan "hmm" ɗin ya tsaya mini a wuya, don ni ban taɓa samun ko rabinsa ba.

Sai ta juyo. "Kai fa? Me ka gani?"

Gaskiyar magana, ban ga komai ba. Na ga mutane a tsaye. Wani ya yi jifa, wani ya kasa duka, jama'a suka tafa. Can kuma kowa ya ruga ciki, wasu suka fito. Ba wanda ya tsaya wuri ɗaya har in ƙare masa kallo, sai mutum ɗaya. Yana tsaye kusa da ta uku cikin kusurwoyi huɗu da 'yan wasan ke zagayawa, cikin cikakkun kayan wasa, riga mai lamba, hula, da farin wando ɗamamme. A ƙwallon ƙafa da na sani koci kwat yake sawa, duk mai lamba a baya ɗan wasa ne. Na gyara zama.

"Wancan mai lamba arba'in da huɗu," na ce. "Yana da natsuwa, ƙirjin ma ba laifi. Na kuma lura sauran suna yawan kallonsa, wato yana da kwarjini."

Farfesa ta daina ɓare gyaɗa. Na ɗauka na kama hanya.

"Amma," na ce, har da ɗaga yatsa, "an yi sakaci da kiwonsa. Dubi cikin nan, ai kitse ne ba nama ba. Ƙafar hagu ba ta ɗaukar nauyi, a dama yake jingina. Tun da muka zo bai yi taku biyar ba, sai dai ya juya hannu yana tura wasu su yi gudun. Shekarunsa kuma, ko me aka rubuta, an rage."

Brad ya take mini ƙafa. Na fassara shi da hassada na janye ƙafata.

"Babban abin ma ba wannan ba ne. Lura da shi. Ya sosa hanci, ya sosa kunne, ya shafa ƙirji, ya shafa cinya, ya koma hanci. Tun ɗazu nake ƙirgawa. Wannan ciwon fata ne. In da sa ne da na ce kirci, a ware shi kafin ya shafa wa sauran." (Har yau ina jin daɗin da na ji a lokacin, na ga na haɗa ilimin boko da na gado a jimla ɗaya.) Sannan na rufe da hukunci, yadda mahaifina ke rufewa. "Ba inda zai je. A wajenmu irin wannan ba a ajiye shi don gaba, mahauta ake kai shi."

Wata tsohuwa a bayanmu ta ajiye lemonta a hankali.

Farfesa ta dubi filin, ta dube ni, ta ce, "Mijina ne."

Na sake duban mutumin. Sunan da ke bayan rigarsa ba shi ne sunanta ba, ni kuma ban san a nan mace kan yi aure ta riƙe nata ba.

"Koci ne," ta ƙara, murya ba hawa ba sauka. "Susar da ka gani umarni yake ba yaran."

Nan ne mai hankali zai yi shiru. Ni sai na ce, "Amma fa ƙirjin yana da kyau."

A ranar na gano wani abu game da besbol, ba shi da agogo. Ba minti casa'in, ba alƙalin da zai busa ya cece ka. Muka zauna. Mutumin ya ci gaba da shafa hanci da ƙirji, duk shafa ɗaya ina ƙara nutsewa a kujera. Brad ya miƙo mini sauran gyaɗarsa, irin miƙon da ake yi wa mai zaman makoki.

Washegari na garzaya wajen Alhaji Sabo, mai sayar da tsofaffin motoci, wanda ya fi kowane Bahaushe daɗewa a garin. Ya saurare ni har ƙarshe.

"Mahauta ka ce?"

"Mahauta, Alhaji."

"A gaban matarsa? Matar da za ta yi maka sayinin PhD?" Ya cire tabarau ya goge. "Ai wannan ya wuce sorry a ofis. Gida za mu je. Yaro ba ya zuwa ban haƙuri shi kaɗai, sai da babba."

Na ce masa Amurkawa ba su san wannan ba. Ya ce za su sani yau. Ya sa babbar riga, muka kama hanyar Pleasant Garden, inda Farfesa take zaune. Muka tarar da mijin nata yana yanke ciyawa a ƙofar gida, cikin gajeren wando, ba riga. Alhaji ya tsayar da mota ya daɗe yana kallonsa, sannan ya sunkuyo kusa da kunnena.

"Kai, tsakani da Allah ba ka yi ƙarya ba. Amma ba a faɗa."

A falo Alhaji ya yi jawabi mai tsawo, ya ce ni yaro ne, ɗan mutunci, rana ce ta buge ni. Roy, haka sunan mijin, yana ta danne dariya har ta ƙwace masa. Ya ce shi ma ɗan wasa ne a da, ya ƙare ƙuruciyarsa a ƙaramin rukuni yana jiran kiran babban rukuni da bai zo ba. "Nauyi, rashin gudu, gwiwar hagu, duk masu na'urar nan sun faɗa tun ina saurayi," ya ce. "Ciwon fata ne kawai sabo." Ya faɗa yana dariya, amma da ya ambaci kiran ya ɗan dubi ƙasa, matarsa kuma ta ɗora hannu a gwiwarsa. Wannan ya fi duk abin da ya faru a fili ba ni kunya.

Na tattaro ƙarfin hali na ce na fahimta idan ta zaɓi Brad.

"Brad kamfanin abincin kaji zai tafi, ya daɗe da gaya mini," ta ce. "Na riga na sa hannu a kanka tun kafin wasan. Na gayyace ka ne in gaya maka bayan an tashi."

"To tambayar da kika yi mini fa?"

"Gani na yi ka yi shiru, na ce ko zafi ya dame ka."

Alhaji ya ce alhamdulillahi da ƙarfi. Ni kuwa na tambaya, cikin ƙaramar murya, ko sa hannun yana nan.

"Takardar ta riga ta bar ofishina," ta ce. Ba ta ce ta yi farin ciki da hakan ba, ni ma ban tambaya ba.

Haka na yi digirin nan a ƙarƙashinta, shekara da shekaru, ba ta sake tambayata ra'ayi a kan wani abu mai ƙafa biyu ba. Abin da na koya kuwa ba shi da yawa. Wani lokacin in babba ya ce maka "me ka gani?", hira kawai yake so. Ka ce wasa ya yi kyau, ka ci gyaɗarka.